Tsibin duwatsun Kufai: nazarin wani lamari a ƙasar Adar

Ni malamin gona ne. Mafi yawan shekarun aikina a ƙasar Adar na yi su, ina bin ƙauyuka a kan babur ina duba aikin farfaɗo da ƙasa. Lamarin da zan bayyana ya faru ne a wani ƙauye tsakanin Tawa da Keita. Da gangan na ɓoye sunansa, don wurin yana nan ba mai gadi, kuma na ga abin da jita-jita take jawo wa irinsa.

Wanda ya san Adar ya san fasalinta. A sama shimfiɗaɗɗen dutse ne, ja-ja baƙi-baƙi kamar an babbake shi. Daga nan sai gangare, sai fako wanda ruwan sama ke gudu a kansa kamar a kan faranti, sai kwari a ƙasa inda ake dawa da albasa. Duwatsun saman nan cike suke da ƙarfe. A ƙarƙashinsu akwai farin dutse irin wanda ake haƙa a Malbaza don yin siminti, a cikinsa kuma yara kan tsinci katantanwa da wasu halittun ruwa da suka daskare suka zama dutse, alamar teku ya taɓa kwanciya a nan miliyoyin shekaru da suka wuce.

Tun 1984, lokacin da aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya a hannun Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, jera duwatsu a fako ya zama sana'ar rani a wannan yanki. Mata ne suka fi yin ta, tun da maza suna Abijan ko Legas ko Libiya wajen cin rani. A haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a haƙa rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata mai tare ruwa, a jera dutse a gicciye don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Aikin yana da amfani, na shaida da idona: fakon da ko ciyawa ba ya fiddawa ya koma yana ba da damin hatsi. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka aikin nake zargi.

Shirin da nake yi wa aiki a lokacin yana biyan mutane ne gwargwadon tsawon jeren da suka yi. Takardar da nake cikawa duk mako tana tambayar mita nawa aka jera, mutum nawa suka fito, eka nawa aka gyara. Babu layin da ke tambayar daga ina aka ɗebo dutsen.

Ranar da aka ajiye kwanduna

A arewa maso gabas da ƙauyen, tafiyar rabin awa a ƙafa, akwai wani fili da kowa ke kira Kufai. Sunan bai tsayar da ni ba. Kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da kufansa, inda aka zauna aka tashi saboda yaƙi ko fari ko rijiya ta ƙafe. A nan aka ba mu fakon da za mu gyara. A bakin dutsen da ke kallon filin kuwa akwai tsibi-tsibin duwatsu a jere, wasu sun kai ƙugun mutum, wasu sun zauna sun baje. Na ɗauka manoman da ne suka share gona suka tara su. Har na yi murna: ga dutse an riga an tara mana, ba sai mata sun bi gangare suna tsinta ɗaya-ɗaya ba. Ni da bakina na ce a fara da su.

A mako na uku ina can ƙasa ina awo da igiya, sai ga wata yarinya a guje tana kirana Mushe, wato monsieur na Faransanci, yadda ake kiran ma'aikaci a nan.

"Mushe, ka taho, an iske mutum."

Da na hau, na tarar mata sun ja da baya, kwanduna a yashe. Sun kwashe wani tsibi har ƙasa, sun ɗaga wasu faffaɗan duwatsu biyu, sai ga ƙoƙon kai. Mutumin a kwance yake a gefe ɗaya, gwiwoyinsa a naɗe sun kusa taɓa ƙirji, fuskarsa ba ta kallon alƙibla. Ƙasusuwan sun yi launin ƙasar wurin, da an taɓa sai su marmashe. Tsibi na shida ke nan. Biyar na farko sun riga sun zama jeren dutse a fako, na auna su, na sa hannu, an biya kuɗinsu. Waɗancan ba a kai ga ɗaga shimfiɗar ƙasansu ba, shi ya sa ba a ga kome ba.

Aka aika wa maigari da liman. Tare da su wani tsohon maƙeri ya zo yana dogara sanda. Shi ko kallon ƙasusuwan bai tsaya yi ba. Ya gangara ya bi jeren da muka yi a hankali, ya duƙa ya ciro wani baƙin curi daga ciki, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya miƙo mini.

"Mushe, wanga ba dutsi na ba. Kashin tama na. Ina kunka ɗebo shi?"

Na ce, "Baba, ni ban san akwai shi ciki ba."

Ya ce, "To gobe in Allah ya kai mu ka taho da sahe, in gwada maka inda kake aiki."

Abin da ke kwance a filin

Washegari mu uku muka fita: ni, da tsohon maƙerin, da wata tsohuwa mai ginin tukwane da ya ce a kira. Filin da na yi mako uku ina takawa, a wannan safiya na fara ganinsa.

Muka fara da gindin dutse, bakin wani gebe da ruwa ya ci. Nan kashin tamar yake, tuli guda, ƙaya ta rufe rabinsa, ɗaya rabin kuma matan aikinmu sun kwashe. Idan ka ɗauki guntu ka duba kusa, ba ya kama da dutsen Allah. Ya fi shi nauyi, baƙi ne mai sheƙi, cikinsa da ƙananan ramuka irin na burodi, bayansa kuma layi-layi kamar kunu ya kwarara ya daskare. Tsohon ya tona da sandarsa ya fito da guntayen wani bututun yumɓu, kaurinsa kamar damtsen yaro, bakinsa ɗaya ya narke ya yi ƙyalli. Ya ce ta nan iska ke shiga murhu.

Yana yaro ya taɓa ganin an dafa tama, kafin ƙarfen mota ya wadata a kasuwa maƙera su huta. Ya kwatanta mini: a farfasa dutsen tama, a gina murhun yumɓu, a zuba gawayi da tama hawa-hawa, gawayin kuma na ƙirya ne don shi ke riƙe wuta. A kwana ana aiki. Abin da na sani daga karatu ya yi daidai da nasa bayanin. Zafin irin wannan murhu yana kaiwa wajen digiri 1,200, bai isa ya narkar da ƙarfe ba, amma ya isa ya narkar da dattin da ke cikin tamar. Dattin shi ke kwarara ya zama kashi, ƙarfen kuma ya dunƙule ya zama curi, sai a kai maƙera a yi ta duka har ya tsarkaka. Wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960, ta rubuta a kan aikin, har ta ɗauke shi a fim.

Wani abu da ya faɗa ya tsaya mini a rai, don ya shafi sana'ata kai tsaye. Ya waiga ya dubi fakon nan fetal, ya ce tulin kashin tama irin wannan daji guda ya ci. Wato inda muke ta fama mu dasa ƴan itatuwa a rabin wata, akwai lokacin da ƙirya take da yawan da za a sare a yi gawayin dafa ƙarfe shekara da shekaru.

Daga nan muka hau wani ɗan tudu a tsakiyar filin. Ba shi da tsawo, in kana kan babur ba za ka lura ba. Amma ƙasarsa toka-toka ce, ta saɓa wa jar ƙasar da ke kewaye, kuma ko ina ka sa ƙafa tsingaro ne. Nan tsohuwar ta karɓi magana. Ta zauna a ƙasa ta tara guntaye a zaninta tana juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar wake. Wannan bakin randa ne. Wannan wuyan tulu. Wannan gindin tukunya ne, ga baƙin wuta. Ta ɗago wani mai huda-huda ta yi dariya.

"Madambaci na. Ashe su ma suna cin dambu."

Ta karya wani ta nuna mini cikinsa: an haɗa yumɓun da dakakken tsingaro da ƙaiƙayi, kamar yadda ita ma take yi. Amma adon bayan ta ce ba nasu ba ne. Wasu an murza musu tufkakkiyar igiya tun suna ɗanye, sawun ya fito kamar ƙwayar gero a jere. Wasu sawun tabarma ne a jikinsu. Na tambaye ta, "Inna, ko kakarki ta yi irin wanga?" Ta ce ko a gidan kakarta ba ta ga irinsa ba.

A kan tudun muka ga duwatsun niƙa uku, ɗaya ya lotse har ya kusa hujewa, da gululun mazari na yumɓu, da wani guntu ƙarami mai rami wanda na jefa a aljihu ban san mene ne ba. Dutsen niƙan nan da ya lotse ya fi kome taɓa ni. Kafin dutse ya ci haka, hannu nawa ya gaji a kansa, uwa ta bar wa ɗiya, ɗiya ta bar wa jika?

Geben da ya ratsa gefen tudun ya yanka shi kamar an yanka alkaki, ya bar bango da ya fi tsayina. A jikin bangon ana ganin ƙasa hawa-hawa: sama toka da tsingaro, ƙasa da ita jan yashi tsantsa kamar tafin hannu biyu, sannan wata tokar da gawayi da ƙasusuwan dabbobi, sannan farar ƙasa da ba kome. Ko ni da ba fannina ba na gane abin da ake nufi. An zauna, an tashi, iska ta rufe wurin da yashi, aka dawo aka sake zama.

Muna komawa gari wani manomi ya tare mu da gatarin aradu, baƙin dutse sumul mai kaifi a gefe ɗaya, wanda ya tsinta a bakin kwari yana ajiye da shi don magani. Yara kuma suka kawo katantanwar dutse cike da gwangwani, a ganinsu duk kayan Kufai ne.

Kowa da abin da ya gani

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin kasuwa ta ci sau biyu, labarin ya zagaye ƙauyukan yankin, kowa kuma da fassararsa.

Liman ya fi kowa sauƙi. Ya ce ko wane addini mutumin ya bi, ɗan Adam ne, a rufe shi. Aka mayar da faffaɗan duwatsun, aka tara na sama yadda aka iya. Maigari ya ce kufan kakanninsu ne, daga nan suka gangaro inda suke yanzu. Maigarin ƙauyen da ke maƙwabtaka, wanda dama suna da tsohuwar taƙaddama a kan gonakin gefen filin, ya aiko cewa nasu kakannin ne, kuma tun da an ga shaida, sai a je gaban kwamitin filaye. Wani Buzu makiyayi ya ce su tsibin nan sun san su tun daga Azawak har Abzin, suna kiransu idebnan, na mutanen farko ne, ba na Hausawa ba ba na Buzaye ba, kuma abin da ya dame shi jeren duwatsunmu ya fara cin burtali.

Ni a ganina makiyayin ya fi kusa da gaskiya. Tsingaro ba ya ɗauke da sunan kabila. Zai gaya maka abin da aka dafa da yadda aka gina tukunya, ba zai gaya maka jikan wa ke da gona ba. Tarihin baka kuwa yana da iyakarsa. Littafin da Jibo Hamani ya fitar a 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa ya nuna yadda ƙasar ta ga jama'a iri-iri: Azna masu addinin gargajiya da aka tarar, da ikon Kabi, da Agabba ɗan Sarkin Agadas da ya ci ƙasar a 1674, wanda zuriyarsa ta riƙe sarautar da daga baya ta zauna a Ilela. A ƙasar da aka yi ta hijira da yaƙi da fari haka, kufai ɗaya yana iya zama na gari uku, kowanne a zamaninsa.

Matsalar da ta fi wannan ta zo da dare. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samarinmu da yawa sun tafi arewa, wasu sun dawo da na'urar neman ƙarfe a ƙasa. Wani ya ce mutanen da suna binne dukiya tare da mamaci. Wata safiya na tarar da ramuka huɗu a kan tudun da tsibi biyu a warwatse. Abin da suka samu, kamar yadda na ji daga baya, wani zoben ƙarfe ne da tsatsa ta cinye da ƴan duwatsun wuya. Wata babbar randa da take zaune cikin ƙasa lafiyarta lau, sun fasa ta da diga don su ga cikinta. Ƙasa ce a ciki.

Wannan ba sabon abu ba ne a Nijar. A Bura, cikin yankin Tera a jahar Tilaberi, an gano wata maƙabarta a 1975, Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya tona ta a 1983, ya fito da tulunan binne mamata sama da 600 da mutum-mutumin yumɓu, har da wani shahararren mutum-mutumin mahayin doki. An ƙiyasta zamaninsu daga ƙarni na 3 zuwa na 13. Da aka baje kolinsu a Faransa a 1993, dillalai suka san darajarsu, sai tono ya ɓarke a yankin, aka yi ta lodi ana fita da su. A 2000 Majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura a jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kada a saya. Kufanmu ba shi da mutum-mutumin da Bature zai saya, amma diga ba ta san wannan ba.

Baƙo daga Yamai

Doka tana nan. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ita ce ke kare kayan tarihin ƙasa: ba a tono sai da izini, wanda kuma ya ci karo da irin wannan abu ya sanar da hukuma. Ni kaina sai bayan ɓarna na karanta ta. Na rubuta wa magajin gari, aka tura takardar sama. Shugabana a wurin aiki bai ji daɗi ba, don mita ta tsaya, kuma mita ake kai wa masu ba da kuɗi. Aka yi watanni shiru.

Bayan damina wani masanin ilimin kufai ya biyo ta yankin daga Yamai a kan hanyarsa ta wani aikin, ya ba mu kwana biyu. Na tarbe shi da alfahari. Duk tsawon watannin nan ina tsintar kaya masu kyau ina tarawa a buhu don kada yara su kwashe: bakin tukwane masu ado, gululu, bututun murhu, har gatarin aradun na roƙi manomin ya ara mini. Na zazzage masa a kan tabarma. Ya ɗauki guda ya ce, wannan daga ina? Na ce Kufai. Ya ce Kufai ta ina, kan tudu ko cikin gebe? In cikin gebe ne, tokar sama ko ta ƙasa? Na yi shiru. Ya ɗauki na biyu ya yi tambaya iri ɗaya.

Bai yi faɗa ba. Ya ce mini a hankali, kayan suna da kyau, amma rabin maganarsu ta tafi. Abin da yake karantawa shi ne wane abu ke kusa da wane, wane ke sama wane ke ƙasa. Tsingaron da ke cikin tokar ƙasa tare da gawayi yana da shekaru da za a iya nema. Da an ɗauke shi an jefa buhu, ya zama fasasshiyar tukunya kawai. Ashe ɓarna biyu na yi wa wurin, ta farko da kwandon mata, ta biyu da buhuna, kuma ta biyun ina ganin taimako nake.

Duk da haka ya tsamo abu daga ciki. Guntun nan mai rami da na jefa aljihu, ya ce kan lofe ne. Taba daga Amurka ta fito, ba ta iso Afirka ta Yamma ba sai wajen 1600, don haka duk inda aka ga lofe an zauna wurin bayan wannan lokaci. Na tuna sarai a saman tudu na tsince shi, shi kaɗai ne na iya ba da shaidarsa. Ke nan zaman ƙarshe a Kufai bai wuce shekara 400 da ƴan kai ba, zai iya haɗuwa da zamanin da tarihin baka yake tunawa. Tokar da ke ƙarƙashin yashi ta girme shi. Gatarin aradu kuwa ba aradu ta jefo shi ba, mutum ne ya wasa shi, a zamanin da ba a san ƙarfe ba. Ya ba mu labarin Gobero a hamadar Tenere, inda a 2000 ayarin Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare ya ci karo da kaburbura kimanin 200 a bakin wani tafki da ya bushe, mafi tsufansu sun kusa shekara 10,000, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. A wancan zamani kwarin Azawak kogi ne mai gudu. Katantanwar yara kuma ya ce a mayar musu su yi wasa, ta girmi ɗan Adam gaba ɗaya.

A kan tsibin duwatsun ya fi yin taka-tsantsan. Kaburbura ne, babu shakka, kuma irinsu sun bazu a Sahara da bakinta, wasu sun yi dubban shekaru. Amma ya ja kunnena kada in ce tun da ba a kwantar da mamacin irin na Musulunci ba to lalle tsoho ne ƙwarai, domin a Adar akwai Azna da suka riƙe al'adarsu har cikin ƙarni na 20. Kada kuma in ɗauka masu kaburburan su ne masu tukwanen, ko su ne maƙeran. Zama kusa da juna a fili ɗaya ba ya nufin zamani ɗaya.

Rana ta biyu ya shiga gebe da ƙaramin cokalin magina, ya kankare bangon, ya zana shi a takarda hawa-hawa da awo, ya ciro gawayi daga tokar ƙasa da wani daga cikin kashin tama, ya naɗe kowanne daban ya rubuta zurfinsa. Ya bayyana wa maigari cewa duk abin da ya taɓa rayuwa yana ɗauke da wani sinadari, kabon 14, wanda rabinsa ke ɓacewa duk shekara 5,730, da ragowar ake lissafin lokacin da aka sare itacen. A waje ake awon, kuma da kuɗi. Ya zaga da na'urar nuna wuri ya ɗauki matsayin kowane tsibi, har da gurbin biyar ɗin da muka kwashe, don sawunsu yana nan, da'ira-da'ira a ƙasa. Tsohon maƙerin bai rabu da shi ba duk yinin. Na lura baƙon ya fi tambayar tsohon fiye da yadda tsohon ke tambayarsa.

Da maigari ya nemi ya rubuta masa takarda cewa kufan kakanninsu ne, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta cikin abin da ƙasa ta gaya mini." Maigari bai ji daɗi ba, amma ya sa an yanka masa zabo.

Inda aka kwana

Aka yi zama a ƙofar maigari, aka tsayar da abu uku. Ba a ƙara taɓa tsibin bakin dutse da tulin kashin tama. Tudun tsakiya an fitar da shi daga fakon da za a haƙa rabin wata, an kewaye shi da ƙaya. Saman geben kuma an yi masa shingen dutse don rage ƙarfin ruwan da ke cin bangon, wanda shi kaɗai ne aikin da ya amfani gona ya kuma amfani kufai. Masu na'ura, liman ya yi musu huɗuba guda a kan tonon kabari, ta fi takardata aiki nesa ba kusa ba. Taƙaddamar gonakin tana nan inda take. A takardar mako na ƙara layi da biro, inda aka ɗebo dutse, kuma kafin in buɗe sabon fili yanzu sai na zaga shi da wani tsoho na garin, in tambayi sunan kowane yanki. In na ji kufai, ko maƙera, ko kushewa, ko tsohon birni, sai in sauka daga babur.

Kashin tamar da duwatsun kaburbura biyar suna nan cikin jerenmu. Masanin ya ce a bar su, mayar da su ba zai gyara kome ba. Suna tare ruwa yadda ya kamata, gero ya yi kyau a bayansu.

Wanda ya biya kuɗin wannan shawara su ne matan. Dutsen da aka yarda a ɗeba yanzu yana can bayan gangare, tafiyar ta ninka, kuɗin mita kuwa bai canja ba, abin da mace ke samu a yini dama bai kai jika biyu ba. Shugabarsu ta tare ni ranar biya, kwando a kai.

"Mushe, matattu kam sun huta. Mu munka ƙara tahiya."

Na rubuta neman a ba su amalanke biyu na jakai, ko a ƙara kuɗin mita a wannan fili. An ba da amalanke ɗaya. Ɗayan na sake rubutawa a watan jiya.